Rigar Sarkin Ƙofa a Jikin Luka

Shekara talatin da tara ke nan da Luka ya sauka a tashar Katsina daga Kagoro, tun garin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, da takardar kama aiki a aljihu da niyyar ya yi shekara biyu ya nemi a mai da shi gida. Har yau bai rubuta takardar neman canjin ba. Garin ya kama shi ta inda ake kama irinsa, wato ta ciki. Ya yi aikinsa na akawu har ya yi ritaya, ya gina ɗan gida a Ƙofar Kwaya, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, amma in ka tambayi mutane da me suka san shi, ba wanda zai ambaci ofis. Cewa za su yi, ai mutumin nan ne da ya san mai wainar da ke zuba man shanu na gaskiya, da mai tsiren da yajinsa ba ya ɗaci, da lungun da ake dama furar da ba a tsinka ta da ruwa ba. Ranar Asabar kuwa ko ɗaure shi aka yi ba ya zaman gida. Sai ya goge tsohon babur ɗinsa, ya goya matarsa Lami in ta yarda, su bi ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya suna kallo kamar jiya suka zo.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne wasan kwaikwayo. Akwai wata ƙungiya da ake ce wa 'yan zaure, don a zauren gidan Malam Muttaka tela suke gwaji, nan unguwar Gobarau. Muttaka ne ke tsara wasan, shi ke ɗinka kayan, shi ke cewa wane ya fito a kaza, shi ke faɗa in an makara. Sau ɗaya a wata, bayan la'asar, sukan haɗa teburan aji a filin wata makarantar firamare, su shimfiɗa tabarmi a kai, jama'a su taru su sha kallo kafin a kira magariba. Shekara ashirin Luka yana cikinsu, kuma shekara ashirin a abu ɗaya yake fitowa, wato Baƙo. Gajeren wando, malafa, akwatin ƙarfe a ka, ya hau dandali yana waige-waige yana tambayar hanya da gurguwar Hausa. Tun kafin ya buɗe baki mutane ke kwanciya don dariya.

Kada a yi masa ƙarya, ya sha daɗin abin. Mutum ne mai son a yi dariya, ko da shi za a yi wa. Amma a 'yan shekarun nan, in ya sauke akwatin ya koma gida, sai Lami ta ga ya yi tagumi a kan faten accar da ta ajiye masa. Abin ya fara yi masa ciwo. Katsinanci ya zauna a bakinsa har 'yan'uwansa suna tsokanarsa in ya je gida Kirsimeti. Ya raka abokai makwancinsu a garin nan, ya ci sunan 'ya'yansu da na jikokinsu, amma duk wata sai ya sake saukowa daga mota yana tambayar ina ne kasuwa.

Ana nan sai dama ta samu. Muttaka ya tsara sabon wasa a kan wani tsohon Sarkin Ƙofa, mai tsaron ƙofar gari a zamanin da, wanda ya san kowa ya kuma san gidan kowa. Hussaini, wanda ya saba fitowa a dattijo, an yi masa aikin ido, likita ya hana shi shiga rana. Luka ya samu Muttaka a shago yana kan keken ɗinki, ya zauna a benci, aka yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ya nuna wata babbar riga mai ruwan ƙasa da ke rataye.

"Darakta, rigar ga ta Sarkin Ƙohwa, ni nike so in sa ta."

Muttaka ya tsai da keken, ya leƙo shi ta saman tabarau.

"Malam Luka, kai kau ka san ba ƙyashi nike maka ba. Bakinka ya hi na Hussaini, wannan kowa ya sani. Amma mutanen ga da sun hango ka za su hwashe da dariya. Sarkin Ƙohwa ana so in ya yi magana wuri shi yi tsit. In suka yi dariya wasa ya mutu, kai kuma ka sha kunya. Su baƙo suka san ka."

"A kan tebur suka san ni baƙo, da malahwa da akwati. Gobe Asabar. In sa rigar, mu shiga gari inda ba a san ni ba. In ko mutum guda ya ɗauke ni baƙo, na haƙura, in koma ma akwatina."

Muttaka ya yi niyyar ƙi, amma ya san duk yawon da Luka ke ciki akwai waina a gaba, don haka ya amince.

Da yamma Lami ta goge rigar, tana yi tana kallon mijinta yana gwada tafiyar dattawa a tsakar gida da sanda. Ta so ta yi masa tsiya, sai ta ga fuskarsa babu wasa, ta gane abin ya wuce inda take zato.

"Baban Faith," ta ce, "ka dai ci a hankali, kada rigar mutane ta dawo da man shanu."

Washegari da hantsi suka fita da ƙafa, don babur ɗin ya fi mai shi suna. Luka ya sa hula, ya taje farin gemun da ya tara tun da ya bar aiki, ya rataya ƙaramin mayafi a kafaɗa, ya ɗauki sanda. Wahalar farko ita ce samun mai wainar da ba ta san shi ba. Sun kauce wa uku, suna bin bango kamar masu laifi, don kowace a cikinsu in ta hango shi sai ta ɗaga murya ta tambayi lafiyar Lami. Daga ƙarshe Muttaka ya kutsa da shi wani lungu a Masanawa, lungun da ko Luka bai taɓa shiga ba, abin da ya ba shi haushi ya kuma ba shi daɗi. Can a cikin wani zaure wata dattijuwa mai suna Furera take suya, tanda biyu a gabanta, hayaƙin itace yana fita ta ƙofa.

Farkon abin ya tafi daidai. Luka ya yi sallama da muryar da ta ga jiya, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da kasuwa, ya zauna a tabarma yana ɗan nishi irin na masu ciwon gwiwa. Furera ta amsa ba ta ko ɗaga kai ba, alamar ta ɗauke shi ɗaya daga cikin tsofaffin da ke cika mata zaure kullum. Muttaka ya gyaɗa kai. Aka ajiye musu kwano, waina shida-shida tana tururi, miyar taushe a gefe da kabewa ta narke a ciki, aka yaryaɗa man shanu, aka barbaɗa yaji.

Luka ya gutsura ya kai baki. Gefenta ya soyu ƙamas, cikinta laushi, ga ɗan tsamin ƙullun da ya kwana daidai kima. Ya lumshe ido. Ya manta da rigar, ya manta da Sarkin Ƙofa.

"Hajiya," ya ce, "Allah shi yi ma hannun ga albarka. Rabon da in ci waina irin wagga har na manta. Wace shinkahwa kike jiƙawa? Ƙullin ga awa nawa yake kwana?"

Furera ta ajiye cokalin juyi, ta dube shi sosai a karo na farko, ta yi murmushi.

"Alhaji, daga ina aka zo mamu? Kano ko Zariya?"

Luka ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Mi kika gani, Hajiya?"

"Yo shekara talatin ina suya, ban taɓa jin ɗan garin ga ya yaba ba. Su sai su cinye, su siɗe kwano, su ce ta jiya ta hi daɗi. Dubi abokinka."

Muttaka, wanda bakinsa ke cike, dama yana shirin cewa miyar ta ɗan so gishiri, sai ya haɗiye maganar tare da wainar. Furera ta ƙara wa Luka guda biyu, ta ce rabon baƙo ne. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ɓacin rai bai taɓa hana shi ci ba, ya cinye su tas.

A bisa sharaɗi magana ta ƙare ke nan. Sai dai da suka fito Luka ya kafe a kan cewa cikinsa ne ya faɗi jarrabawa, ba shi ba, Muttaka kuma ya ƙoshi, wanda ya ƙoshi ba ya tsananta shari'a. Aka yarda a sake gwadawa. Suka nufi Ƙofar 'Yandaka, Luka ya ɗaure fuska, ya sunkuyar da kai, yana tafiya irin ta mutumin da ba abin da ya rage bai gani ba a duniya. Ya wuce masu saƙar tabarma bai kalla ba. Ya wuce wani tsohon soro mai zane a goshinsa, ya danne zuciya da ƙyar. Amma da suka iso ƙofar, rana ta bugo ta daga gefe, inuwarta ta kwanta a kan titi, sai ƙafafunsa suka rage sauri da kansu. Ya ɗaga kai. Ya goya hannu a baya. Ko minti ɗaya bai yi a haka ba wani mai keke napep ya taka birki a gabansu.

"Baba, yawon buɗe ido aka zo? Ku shigo in kai ku gidan tarihi, in kai ku Gobarau."

Muttaka ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Luka ya ce wa mai keken ya wuce ya ba shi wuri, da Katsinancin da ya sa mutumin ya tafi yana waigowa, amma aikin gama ya gama.

Suka zauna a ƙarƙashin wata darbejiya aka dama musu fura da nono a ƙwarya, mai kauri, mai sanyi, ga citta da kanumfari suna ratsa hanci. Luka ya sha bai ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi komai wahalar da shi a ranar. Mai furar ba ta ce masa baƙo ba, ba ta ce masa ɗan gari ba, ta karɓi ƙwaryarta ta ɗauraye. Ya zauna yana kallon ƙasa. Kunya yake ji, ba ta faɗuwa ba, ta yadda ya sa rai. Da girmansa da furfurarsa ya yi ta yawo cikin rigar aro yana roƙon a ce shi ɗan gida ne.

Can ya nisa ya miƙe.

"Shi ke nan, Darakta, na hwaɗi. Tun da baƙo ne ni, bari in yi abin baƙi. Tashi mu hau Gobarau, daga nan in cire maka rigarka."

Muttaka ya ce rana ta take. Ya ce akwai ɗinkin da ya bari. Ya ce gwiwarsa. Luka bai saurare shi ba, ya ja hannunsa har gindin hasumiyar, tsohon ginin ƙasar nan da ya tsaya a tsakiyar unguwa tun kakannin kakanni. Mai kula da wurin, Malam Ɗanliti, ya san Luka sarai, don ba a wata uku bai zo ba. Wanda ya ba shi mamaki shi ne maƙwabcinsa.

"Malam Muttaka, yau kai ne? Lahiya dai ko?"

Nan asiri ya tonu. Muttaka an haife shi a inuwar Gobarau, ya yi wasan ƙasa a gindinta, ya yi aure ya yi jikoki yana ganinta ta saman katangar gidansa, shekara sittin da biyar, amma bai taɓa taka matakalarta ba.

"To in hau in ga mi?" ya ce yana kare kansa. "Ba ga ta nan ba kullum?"

Suka hau a hankali, Luka a gaba yana tattare riga, Muttaka a baya yana haki yana ambaton Allah a kowane taki. Da suka kai sama iska ta buge su. Gari ya shimfiɗu ta ko'ina, rufin kwano da na ƙasa sun cakuɗe, kawunan dabino da darbejiya sun ɓullo a tsakani, hasumiyoyin masallatai, tankunan ruwa, tantabaru suna kewaya. Luka ya riga ya fid da rai, don haka ya saki jiki, ya koma Lukansa. Ya ɗaga sandar yana nuni.

"Ka ga can, Rahindadi. Nan na hwara haya, ɗaki guda, tsohuwar gidan ita ta koya ma Lami tuƙa tuwon dawa, ta ce ba za a kashe mata ɗa da acca ba. Can wajen Yarinci, inda iccen ga ya yi duhu, gidan su marigayi Lado ne, wanda ya ara mani keke shekara guda bai taɓa tambaya ba. Hayaƙin can da kake gani, mai balangun ga ne da ubanshi ya yi suya a wurin kahin shi. Tsohuwar Kasuwa ga ta nan. In ka bi layin ga har ƙarshe, nan aka tare mu da ruwan sanyi ranar da muka ɗauko Faith daga asibiti tana jaririya, mata suka amshe ta, ba mu sake ganinta ba sai la'asar."

Haka ya yi ta yi, unguwa bayan unguwa, kowace da mutumin da ya sani a cikinta da abin da aka taɓa ba shi ya ci. Da ya juyo sai ya ga Muttaka ba nesa yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, nan kusa. Ya gano gidansa. Ga tsakar gidan, ga shanyar matarsa, ga itacen lemon da mahaifinsa ya dasa, ga ƙwallaye uku na jikokinsa a kan rufi waɗanda aka daɗe ana zargin 'ya'yan maƙwabta da su. Gidan ɗan mitsitsi ne daga sama, ya jingina da na maƙwabta ta kowane gefe. Muttaka ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Sai da suka sauko, Luka ya kama wuyan rigar zai cire, sannan Muttaka ya yi magana.

"Bar ta. Ka hwaɗi jarrabawa warwas, wannan ba gardama. Amma abin da ka hwaɗa mani a sama, ba ni da shi a takarda, Hussaini ma ba shi da shi. Sai dai ka ji sharaɗi. In suka yi dariya ka kasa tsai da su, wata mai zuwa akwatinka na nan."

Mako biyu suka yi suna gwaji. Ranar wasa filin makarantar ya cika tun kafin a gama haɗa tebura. Mata a gefe ɗaya da mayafansu, Lami a tsakiyarsu, maza a kan benci da tabarmi, masu awara da masu zoɓo sun jeru a bakin katanga. An kafa ƙofar gari ta kwali da zane a kan dandali. Aka buga ganga, Luka ya fito ta cikinta a hankali da sandarsa.

Abin da Muttaka ya ji tsoro shi ya faru. Daƙiƙa biyu aka yi ana kallonsa, sai wani ya gane shi, dariya ta tashi daga gaba ta bi har baya.

"Baƙo, ina akwatin?" in ji wani daga kan katanga.

Aka ƙara fashewa. Luka ya buɗe baki ya fara maganar da ya haddace, ko shi bai ji muryarsa ba. Ta gefen ido ya hango Muttaka a bayan labule ya dafe kai. Ya hango Lami, ita kaɗai ce ba ta dariya, ta ƙura masa ido. Ya san in ya ƙara minti ɗaya a haka an gama, zai mutu yana Baƙo.

Sai ya bar haddar. Ya tambayi kansa me mai tsaron ƙofa ke yi da safe in mutane sun taru a gabansa, ya ga amsar ba wuya. Ya dogara sandar, ya juya ɓangaren hagu inda ya hango wasu fuskoki da ya sani, ya ɗaga murya.

"Mutanen Rahindadi, kun tashi lahiya?"

Gaisuwa kuwa ba a barinta a ƙasa. Ko faɗa ake, ko dariya ake, in aka gaishe ka bakinka ne zai amsa kafin ka yi shawara. Mutum kamar ashirin suka ce, "Lahiya lau," wasu da sauran dariya a bakinsu.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Mutanen Yarinci, ina kwananku? Ya iyali? Ya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya juya dama. Ya gai da Masanawa ya tambaye su aiki. Ya gai da Galadanci, ya gai da Saulawa, ya gai da Darma. Ya gai da mutanen Ƙofar Kwaya da na Ƙofar Durɓi, ya tambayi na bayan gari ya suka baro hanya. Kowace unguwa ta ji sunanta sai ta gyara zama ta amsa da ƙarfi don kada a ce ba ta zo ba. Waɗanda ba a kai gare su ba suka yi shiru suna jiran nasu. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa, ya tambayi ya aka ji da zafin bana. Mutum ba ya amsa gaisuwa biyar a jere ya ci gaba da yi wa mai gaishe shi dariya. Sannan ya sassauta murya, ya dubi filin gaba ɗaya.

"Ya haƙurinmu da waɗanda suka riga mu?"

Wuri ya yi tsit. Har masu awara suka daina juyi. Amsar ta zo a hankali, daga bakuna da yawa.

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah shi jiƙansu," in ji Luka, kuma Lado yake tunawa da tsohuwar Rafindadi.

"Amin."

Daga nan ya ɗauko maganar Sarkin Ƙofa daga inda ya ajiye ta, wasa ya tafi kamar ruwa. An yi dariya a inda aka shirya a yi, an yi shiru a inda ake so. Da aka gama tafi ya ɗauki lokaci, Muttaka ya fito yana faɗan cewa an canja masa tsari ba da izininsa ba, yana yi yana rungume da kafaɗar Luka. Wata mai zoɓo ta miƙo masa gora mai sanyi ta ƙi sauraron maganar kuɗi. Lami ta zo ta tsaya kusa da shi tana gyara masa wuyan riga, wanda ba abin da ya same shi.

Suna cikin haka jama'a suka dare, wani tsoho ya ratso, siriri, da rawani da sanda, fuskarsa a murtuke. Ya tsaya a gaban Luka ya buga sandar a ƙasa.

"Kai, zo nan. Ka gai da Rahindadi. Ka gai da Yarinci. Har na bayan gari ka gaida. Mu Gambarawa mi muka yi maka? Tun hwarko nike zaune ina jira, na gyara murya, ka tsallake mu kamar ba mu garin."

Muttaka ya yi sauri ya shiga tsakani.

"Alhaji, a yi haƙuri, a yi mashi uzuri. Ai Malam Luka ne, mutumin Kagoro."

"Na san ko wane ne," in ji tsohon, ko kallon Muttaka bai yi ba. "Uzuri na baƙo ne. Wanga tun yaushe yake garin ga? Ba shi da wani uzuri. Abin kunya ne gare shi, kuma shi ma ya sani."

Luka ya tsaya da gorar zoɓo a hannu. An yi masa tafi shekara ashirin, yau ma an yi masa wanda ya fi na kullum, amma ba wanda ya taɓa shiga ransa kamar wannan faɗan. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya miƙa wa Lami gorar, ya tattare rigar, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Na yi kuskure, Baba. Mutanen Gambarawa, kun yini lahiya?"

"Lahiya lau," in ji tsohon, bai saki fuska ba. "Ci gaba. Yadda ka yi ma kowa haka za ka yi mamu."

Luka ya gyara durƙuso, ya ɗauko gaisuwar tun daga farko.